Lissafin annoba da kwalekwalen Kawu

Kowace shekara idan muka iso darasin yiwuwa da 'yan aji biyu na babbar sakandare, wato lissafin ko abu zai faru ko ba zai faru ba, nakan ture kwabo da ɗan ludon da littafi ya tanada gefe guda. Sai in rubuta lambobi huɗu a allo: 3, da 3,301, da 10, da miliyan 19. In ce wa yaran akwai adadin wasu marasa lafiya da ke ɓoye a cikin lambobin nan, duk wanda ya tono shi furarsa ta yau tana wuyana. Har yanzu sau biyu kacal na sayi furar, kuma duka biyun 'yan mata ne suka sha.

Ga asalin lambobin. A tsakiyar Janairun 2020 hukumomin birnin Wuhan na ƙasar Sin sun ce mutum 41 aka tabbatar suna ɗauke da sabuwar cutar huhu, wadda a lokacin ko suna ba a raɗa mata ba, ita ce daga baya muka sani da korona. Amma an riga an ga mutum uku da ita a wajen ƙasar, biyu a Tailan, ɗaya a Japan, dukansu daga Wuhan suka fito. Sai wasu masana a Imperial College ta Landan suka yi irin tambayar da mai awon hatsi ke yi kullum: idan na zura hannu a buhu na damƙo tsaba na ga ƙwari uku, nawa ne a cikin buhun?

Mutanen da ke zaune a yankin da filin jirgin Wuhan ke yi wa hidima sun kai miliyan 19, kuma 3,301 daga cikinsu ke tashi zuwa ƙasashen waje kowace rana. Daga ranar da mutum ya kamu zuwa ranar da za a gano shi a asibiti, suka ƙiyasta kwana 10. Cikin kwana goman nan mutum 33,010 ne za su fita. Raba miliyan 19 da wannan adadi, zai ba ka wajen 575. Ke nan a duk mutum 575 masu cutar, ɗaya ne ake sa ran tafiya za ta fitar da shi ƙasar kafin a gane shi. Uku sun fita, sai ka ninka. A rahotonsu na 17 ga Janairu suka rubuta 1,723, suka kuma faɗi gaskiya cewa adadin na iya sauka har 427, yana iya hawa har 4,471. Bayan kwana shida aka rufe Wuhan ruf.

Mutanen nan ba su taka Wuhan ba, ba su taɓa goshin marar lafiya ko ɗaya ba. Fasinjan jirgi kawai suka ƙirga. Ranar da na fara cin karo da wannan lissafi, lokacin dogon hutun korona, na kwana ina juya shi a bayan takardar jarabawar da ba a samu an yi ba, ina jin daɗi kamar wanda ya tsinci kuɗi. Ashe abin da nake koyarwa da alli a Kamba shi ne ake auna annobar duniya da shi.

Duk lissafin hasashen yaɗuwar cuta ta hanyar tafiye-tafiye, komai girman kwamfutar da ke ɗauke da shi, kan wannan murhu ya zauna: mutum nawa ne ke da cutar a inda ta ɓulla, mutum nawa ne ke fita daga can kuma ina suka nufa, sannan kwana nawa cutar ke lafewa a jiki mai ita yana yawonsa garau. Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1985 wani Barushe mai suna Rvachev da wani Ba'amurke mai suna Longini suka ɗauki jadawalin jirage tsakanin birane 52, suka nuna cewa da shi za a iya bin sawun murar Hong Kong ta 1968 birni bayan birni. A 2013 kuma wasu masana biyu, Brockmann da Helbing, suka fito da abin da ya fi komai burge ni. Suka ce a manta da kilomita. Nisan da ke tsakanin gari da gari, a wajen cuta, yawan masu zirga-zirga tsakaninsu ne. Idan aka sake zana taswirar duniya da wannan ma'auni, annobar da ake gani tana tsalle-tsalle kamar fara, yau Meziko gobe Sifen, sai ta koma tana bazuwa a natse kamar an jefa dutse a tafki.

A irin wannan taswira Legas ta fi kusa da Landan a kan Birnin Kebbi. Na yarda da wannan. Inda na fara ɗaga gira shi ne da na nemi inda aka ajiye mu.

A Fabrairun 2020 wasu masana suka jera ƙasashen Afirka bisa haɗarin shigowar korona daga Sin, da yawan jiragen da ke zuwa daga lardunan da cutar ta kama. Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne a sama. Nijeriya da Habasha da wasu suna tsaka-tsaki. Masar ce kuwa ta fara samun mai cutar, ranar 14 ga Fabrairu, to a nan sai a ce lissafi ya ci. Amma mutumin farko a Aljeriya Ba'italiye ne. Namu na 27 ga Fabrairu shi ma Ba'italiye ne da ya taso daga Milan ya sauka Legas. Na Afirka ta Kudu, ranar 5 ga Maris, daga Italiya ya dawo. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Ba na ganin laifin masu lissafin, tambayar da aka ɗora musu ta Sin ce, ita suka amsa. Kafin tawadar ta bushe cutar ta riga ta sake masauki.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na maƙwabtanmu. Mutumin farko da aka samu da korona a Nijar, ranar 19 ga Maris, ma'aikacin wani kamfanin motocin safa ne da ya ratso Lome da Akra da Abijan da Wagadugu. Haka Ibola ta yi a 2014. Ɗalibin da ya kai ta Senegal a mota ya fito daga Gini. Yarinya 'yar shekara biyu da ta kai ta Mali, a motar haya ta yi doguwar tafiya tare da kakarta har Kayes. Babu ɗayansu da sunansa ya shiga kundin kamfanin jirgin sama.

To, ni ɗan Kamba ne. Gaya, wadda ke ƙasar Nijar, ba ta kai mana tafiyar awa guda a kabu-kabu ba, daga can kuma gada ce kawai tsakaninka da Malambil ta ƙasar Binin. Birnin Kebbi, hedikwatar jiharmu, sai ka bi ta Bunza da Kalgo ka sha zama a mota kafin ka gan ta. A kasuwarmu ana ciniki da naira ana yi da sefa, ana Hausa ana Dandanci ana Zabarmanci, Fulani kuma suna nasu. Idan da za a zana mana taswirar Brockmann da gaskiya, Gaya za ta faɗo cikin zaurenmu, Abuja kuma ta koma bayan duniya.

Sai na ce bari in gwada nawa. Idan mutanen Landan sun sami 3,301 ɗinsu, ni ma ai zan iya samo namu. Wani hutu na ɗauki littafin rubutu mai shafi sittin da biro biyu na tafi Dole Kaina, garin da iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa, inda ƙanin mahaifiyata ke tuƙa kwalekwale a kogin Kwara tun ban san hannuna na dama ba. Na sami gindin bishiya kusa da mashaya na zauna, duk wanda ya shiga jirgi in ja sanda guda, idan sun kai biyar in karya su, yadda muke koya wa yara.

Hantsi ya yi Kawu ya dawo daga sawu na uku, ya ɗaure jirgi, ya tsaya a kaina yana kallon littafin.

"Malam, mi kaka rubutawa tun da sahe?"

"Kawu, masu ƙetare iyaka nake ƙirgawa."

"Wace iyaka?"

Na nuna masa da baki.

Ya yi dariya har sai da ya dafa bishiyar. "Waccan tsohuwa da kag gani da ƙwarya, gidan ɗiyatta taka zuwa, can anka kai ta aure. Da marece ta komo, gobe ta koma. Sau nawa za ka rubuta ta? Wancan mai shanu kuwa ba ta nan yaka bi ba, shi da burtali. Masu babur suna can bayan gari. Kuma nan guda kaz zauna, mashaya nawa ag ga gulbin ga?"

Ban sami amsa ba. Ya ƙara da cewa idan ina son adadi in zo ranar kasuwa, amma in taho da littafi goma da yara goma. Na rufe littafina kafin azahar, muka ci kifi da tuwon shinkafa, na kama hanyar gida. Sandunan da na ja suna nan a akwati, ban taɓa haɗa jimillarsu ba, don na san ba ta da ma'ana.

A hanya ne na gane abin da ya bambanta mu da Wuhan. Mai shiga jirgin sama yana da suna da kujera da ranar tafiya, kuma ta ƙofa ɗaya zai wuce. Mu kuwa ba tafiya muke yi ba a ganinmu. Suna ne, ko ta'aziyya, ko kai amarya, ko ɗaukar marar lafiya zuwa wajen wanda aka ce ya iya, ko yaro da aka kai karatun allo, ko 'yan ci-rani da ke gangarowa bayan kaka. Kuma abin tsoron shi ne, rashin lafiya a nan ba ya hana tafiya, shi ke jawo ta. Idan jiki ya tsananta ne ake ɗora mutum a babur a ƙetara da shi gida, dangi kuma su biyo bayansa dubiya daga ƙasa uku.

Wannan ba zancen zato ba ne, mun gani da sanƙarau. Bayan allurar da aka fara a ƙasashen Sahel a 2010 ta karya lagon nau'in A, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a Sakkwato a 2013, ya shigo Kebbi a 2014. A 2015 ya bayyana a Nijar, ya kwantar da sama da mutum 8,000, Yamai da Doso suna cikin inda ya fi tsanani. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zurmi ta Zamfara, kafin damina ta kashe shi a 2017 an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 sun rasu. Masu binciken ƙwayar sun tabbatar zuri'a ɗaya ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na rasa ɗalibi a irin wannan bazara, yaro mai kyan rubutu da ke zama layin gaba. Ranar Alhamis ya ce kansa na ciwo, ranar Asabar muka kai shi makwanci. Ba na son in tsawaita a kansa.

Akwai kuma wanda ba mu cika son a tuna mana ba. Mun saba ɗaukar cuta a matsayin baƙuwa da ake kawo mana, alhali mu ma mun taɓa aika wa duniya tamu. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda jita-jitar da kowa ya sani. Ina saurayi lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na maimaita maganar a majalisa da bakina. Kano ba ta koma yi ba sai Yulin 2004. Cikin 'yan shekarun nan ƙwayar da ta fito daga arewacin Nijeriya ta sake shiga ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita. Ta bi ta Cadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya, ta shanye ƙafafun ɗaruruwan yara a Yaman, ta isa Indunusiya a 2005, ƙasar da ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Duk wanda ya san tarihin Takari ya san wannan hanya. Tsohuwar hanyar alhazan ƙasa ce, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki. Sai 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016.

Hajji dai shi ne tafiyarmu ɗaya tilo da mai lissafi zai so. An san adadi, an san rana, an san filin jirgi, har jirgin farko na alhazan Nijeriya a 2024 daga Birnin Kebbi ya tashi. Shi ya sa ma aka iya yin wani abu a kai. Da wani nau'in sanƙarau mai suna W135 ya ɓarke a hajjin 2000 ya bi alhazai gida har Ingila da Faransa, sannan ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2002, Saudiyya ta wajabta allurar da ta haɗa nau'i huɗu. Tana cikin alluran da ke katin nan da maniyyata ke gunaguni a kansa a sansanin alhazai.

Sai rabi na biyu na lissafin, wanda nake ajiye wa yara zuwa mako na gaba. Shigowar mai cuta daban, kamawarta daban. Ba kowane tartsatsi ke cin danga ba. A lissafi mafi sauƙi, idan kowane mai cuta yana harbar mutum biyu a matsakaici, to shigowar mutum ɗaya kamar jefa kwabo ne: rabi ta mutu da kanta, rabi ta kama. Idan uku suka shigo, damar tsira ta koma ɗaya cikin takwas. Idan goma ne, ɗaya cikin 1,024. A nan yara kan yi tsit.

Ibola ta 2014 mutum ɗaya ne ya kawo mana ita. Patrick Sawyer ya taso daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya ya biyo ta Lome, ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli, ya rasu ranar 25. Da ya matsa sai an sallame shi daga asibiti, likitar da ke duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta ƙi. Ita ma cutar ta ɗauke ta ranar 19 ga Agusta. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar a Legas da Fatakwal, aka kai ziyarar gida-gida wajen 18,500, da yawa daga masu aikin kuwa a yaƙi da shan inna suka koyi bin sawu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare. Nakan tambayi kaina, da a ce mutumin nan bai faɗi a filin jirgi ba, da a ce talaka ne ya shigo ta mashayar Kawu ya sauka gidan dangi aka yi ta ba shi jiƙo kwana goma, tartsatsi nawa za mu samu kafin wani ya rubuta na farko? Babu kwamfutar da ke da gurbin da za a sa taurin kan likita ɗaya, amma shi ya karkatar da kwabon.

Masu cewa a rufe iyaka a huta, ina jin su, kuma addini ma bai bar mu a duhu ba. Hadisi ingantacce ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta faɗo kuna ciki kada ku fita don gudunta, kuma da shi Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Sai dai a lura, rabin umarnin yana kan wanda ke ciki ne, ya zauna inda yake da zuciya ɗaya. Wannan kuwa shinge ba ya sa shi. Masu lissafi sun auna rufe Wuhan, suka ga ya jinkirta yaɗuwar cutar a cikin Sin da kwana uku zuwa biyar kawai, ya rage masu fita da ita waje da kusan kashi 80 cikin 100 har tsakiyar Fabrairu, daga nan ta ɓullo ta wasu ƙofofin. Na'urar auna zafin goshi ma, an ƙiyasta kusan rabin masu korona za su wuce ta lafiya lau, tunda cutar na lafewa kwana biyar jirgi kuwa awa shida ne. Da nau'in korona mai suna Omikron ya zo, Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ja, wato ƙasashen da ta taƙaita shigowar matafiyansu, ranar 6 ga Disamban 2021, ta cire mu ranar 15, saboda cutar ta riga ta cika mata gida.

Mu a nan ba ma bukatar kowa ya auna mana. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 saboda shinkafa, tun kafin a ji sunan korona, har aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Duk tsawon lokacin nan shinkafa 'yar waje ba ta yanke a kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara. Buhu mai kilo hamsin ke nan, da ake gani da ido, ake ɗaurawa da igiya.

An ce yanzu wayar salula ce ke maye gurbin tikiti. A Kenya an bi motsin masu waya kusan miliyan 15 aka gano inda zazzaɓin cizon sauro ke tasowa da inda yake sauka. Dabara ce mai kyau. Sai dai Kawu layi biyu gare shi, na Nijeriya da na Nijar, yana sauya su a tsakiyar ruwa. A idon kowane kamfani mutum ne da ke ɓacewa da safe ya bayyana da yamma a wuri ɗaya, bai je ko'ina ba.

Bana da muka gama darasin, maimakon aikin gida daga littafi sai na ce duk wanda wani daga gidansu ya taka wata ƙasa cikin watan da ya wuce ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi sun fi waɗanda ba su tashi ba. Ina cikin ƙirgawa na hango wani yaro a layin baya, hannunsa a rataye rabi sama rabi ƙasa.

"Kai kuma fa, ɗagawa ka yi ko saukewa?"

"Malam, gona tana ciki? Tamu rabinta Nijar take."